Kada Filayar Ta Ga Wuta

In kun ga ina zagin ƙarfe a bakin hanya, kada ku ce Nomau ya taɓu. Da dalilina.

Ni ne mai gyaran famfon feshi na ƙauyenmu, nan gefen Gidan Sori, irin famfon da ake goyawa a baya a fesa wa wake magani. Ƙungiyarmu ta manoma famfo ɗaya tal gare ta, mutum goma sha uku kuma ke jiransa, kowa da ranarsa. In ranarka ta wuce, ko ruwa aka yi, ko famfo ya ƙi, ko zazzaɓi ne ya kayar da kai, sai ka jira layi ya zagayo. Mu muka kafa dokar da bakinmu, bayan wata rigima da har aka fasa wa mutum leɓe a kanta. Famfon kuwa tsoho ne tukuf, ba ya kwana biyu bai neme ni ba.

A wannan zagayen ranar Alhamis ce ta yayata Lantana. Tun da mijinta ya rasu ita ke noma gonar da hannunta, waken nan kuma shi ne cefanenta, shi ne kayan lakol, wato makaranta, na yaranta. Bana ya yi kyau har masu amalanke na tsayawa su duba. Ya fara fure, kuma duk wanda ya taɓa noman wake ya san in tsutsa ta shiga fure ba ta jiran kowa kwana goma sha uku.

To, a farkon damina jakar kayan aikina ta faɗi daga bayan moto, wato babur ɗina, a hanyar Cadakori. Na koma na bi sawu har sau biyu, ko noti ban tsinta ba. Allah ya isa tsakanina da wanda ya ɗauka. Daga nan na ce ni da jaka har abada, zan sayi filayar nan mai naɗewa, wadda ke da wuƙa da sukudireba da zarto duk a cikin hannuwanta, in rataya a ƙugu, inda na sa ƙafa tana nan.

Ta farko da na saya sai ƙyalli, baki goma sha takwas gare ta. Har da abin buɗe kwalba, ni da ba na shan lemo sai ranar suna. Kwana uku ta yi. Na kama noti na murɗa, sai ƙas, bakin ya ɓalle ya faɗa cikin tankin magani. Ta biyu na zaɓe ta da nauyi, wai ni mai wayo, na ce abu mai nauyi ba ya ƙarya. Ashe yana yi. Mako guda ƙusar tsakiyarta ta saki, bakunan suka riƙa saɓa wa juna, ranar ƙarshe ta zame ta datse mini tafin hannu har jini ya taru. Na yi jifa da ita cikin gero, ban ko duba inda ta faɗi ba.

Matata Basira tana ɗaure mini hannun tana danne dariya. Ta ce, "Kai da ka san ciwon famfo tun daga tarinsa, ƙarfe ne ya gagare ka? Ga Jaye can, bakinka ne ya yi nauyi?"

Haushi ya kama ni, don gaskiya ta faɗa. Jaye maƙeri ne a Gidan Rumji, tare muka yi kiwon awaki muna yara. Ranar kasuwa na je na ɗauko shi daga bakin zuga, ya sa magagarinsa a aljihu, muka nufi rumfar Ɗanbaba mai kayan ƙarfe.

Ɗanbaba na hango ni ya washe baki. "Nomau na famfo! Wata sabuwa ta iso jiya, baki ashirin da biyu, har da fitila."

Na ce, "Ka riƙe fitilarka, da rana nake aiki. Waɗanda ka sayar mini biyu suna lahira."

"Hannunka ne da ƙarfi."

"Hannun nawa aka ce ta yi wa aiki, ko ado zan yi da ita?"

Jaye ya ɗauki mai baki ashirin da biyun, ya kai kunne ya girgiza, muka ji tana kacau-kacau. Ya rufe bakinta ya ɗaga wa rana, haske na wucewa ta tsakani. Sai ya zaro magagari.

Ɗanbaba ya miƙe. "A'a, a'a! Ba a goga mini kaya!"

Jaye ya ce, "Ta ciki zan taɓa, inda ba mai gani. In na ƙwarai ne ai ba abin da zai same shi." Ya ja sau ɗaya, magagari ya ci ƙarfen kamar ana kankare rogo. Ya nuna mini ya ajiye. Haka ya bi guda biyar, duk labarin ɗaya. Ni ina tsaye ina cika ina batsewa, don kowacce ya ajiye sai in tuna da na zo ni kaɗai da ita zan tafi.

Can ƙarƙashin tebur akwai wani kwano na kayan gwanjo, tsofaffin makullai da sifanu. Jaye ya tona ya fito da wata baƙa, duk jikinta tabo, ko kyan gani babu. Abin da ke cikinta wuƙa ce, da sukudireba biyu, da basilla, shi ke nan. Ya girgiza, shiru. Ya ɗaga wa rana, ba haske. Ya ja magagari, sai ya zame yana ƙara, ko alama bai bari ba. Ya tsinci ƙusa a ƙasa ya sa mata a baki ya matse, ƙusa ta rabu biyu, ya duba haƙoran suna nan yadda suke.

Ya ce, "Ga filaya. Waɗancan kayan wasan yara ne."

Kuɗin da Ɗanbaba ya faɗa sai da na ji a haƙarƙarina, amma na biya. A hanya Jaye ya ce, "Wannan an ba ta ruwa da kyau, an gasa ƙarfen an tsoma a ruwa har ya yi tauri, jikanka ma zai gaje ta. Ka buga, ka murɗa, ka taka, ba ruwanta. Abu ɗaya ne: kada ta ga wuta. In bakin ya yi ja sau ɗaya, ruwan ya fita, ta zama ƙarfen banza."

Na yi dariya na ce, "Wane mahaukaci ne zai sa filaya a wuta?"

Kwana huɗu na yi ina jin daɗin duniya. Notin da ke can ƙasan tanki, wanda wuyan tankin ya yi ƙunci sai dogon baki ke kai masa, wanda ya karya mini ta farko, wannan sai ta cafke shi ta juya kamar ba komai. Ina tafiya tana bugun ƙuguna ina jin kaina wani babban injiniya.

Ranar Laraba bayan la'asar surukina, mahaifin Basira, ya yi sallama a ƙofar gida. Na fito na durƙusa, muka gaisa, muka sake gaisawa. Sai ya ce, "Malam Nomau, an ce ka samu wani ƙarfe mai riƙo. A ara mini zuwa safe."

Ku gaya mini, me zan ce? Mutumin da ko sunansa ba na faɗa, ko abinci ba na ci a gabansa? In ce masa, Baba, me za ka yi da ita? In ce masa, Baba, ga sharaɗi? A garinmu suruki ya roƙi abu, miƙawa ake yi da hannu biyu, ido na ƙasa. Maganar Jaye ta zo mini har bakin harshe, na haɗiye ta. Na kwance daga ƙugu na miƙa, har da cewa, "Ai taka ce, Baba."

Da ya tafi na shiga na ce wa Basira ta bi shi ta ji me zai yi da ita. Ta ce, "Ni in je in tuhumi babana kan filaya? Wataƙila waya zai ɗaure a shinge." Na ce to, Allah ya sa.

Da sassafe ya kawo ta da kansa, a cikin kubenta, yana ta sa albarka. Ina sauri ban buɗe ba, don Lantana ta riga ta aiko cewa famfon ya iso mata a mace, ana bugawa ba ya riƙe iska. Na hau moto na tafi.

Na tarar da ita a bakin gona ta riga ta jawo ruwa jarka huɗu, maganin na gefe, ta ɗaure hanci da ɗankwali. Gonar ta yi fari da fure, ƙudan zuma na ta shawagi. Na buɗe fure ɗaya na ga ƴar tsutsa a ciki, ƙarama, ta fara.

Na ce, "Yaya, kwantar da hankalinki. Robar ƙasa ce, kafin ki sha kunu na gama."

Na zaro filaya. Bakin ya yi shuɗi-shuɗi da baƙi, kamar gindin tukunya. Na ce wataƙila datti ne. Na zura ta cikin tanki, na kama notin, na murɗa. Ta zame. Na sake kamawa da hannu biyu, ta sake zamewa. Da na fito da ita haƙoran sun kwanta sumul, bakin kuma ya buɗe kamar na ɗan tsako.

Innalillahi! Wallahi sai da na zauna a ƙasa.

Na kira Basira a waya. Ta ce ai yanzu take jin labari: san da ke jan amalanken Baba ne ƙafarsa ta kumbura, Baban ya yi masa sakiya. Ya kama ƙusa da filayar, ya cusa su tare cikin garwashi har suka yi ja, ya huda kumburin. Sau huɗu ya mayar wuta. Wai yana ta yabo, bai taɓa samun abin da ya riƙe masa ƙusa haka ba.

Na kashe wayar. Wa zan zaga? Na zagi garwashi, na zagi ƙusa, na zagi Ɗanbaba da bai san hawa ba bai san sauka ba. Wanda ya kamata in zaga shi ne mai bakin da ya yi shiru jiya, kuma shi ma na zage shi.

Na gwada da yatsa, na gwada da tsinken ƙarfe, na ari filayar wani mai keke, bakinta gajere bai kai ba. Da rana ta take na ɗaure famfon a bayan moto na nufi Gidan Rumji. Jaye ya karɓi filayar ya juya ta, ya ja magagari sau ɗaya, ya ci. Bai ce na gaya maka ba, da ma ya faɗa da na samu wanda zan yi wa faɗa. Ya hura wuta ya ƙera wani siririn awartaki, da shi muka kwance notin, muka sa sabuwar roba. Famfo ya tashi garau, feshi kamar sabo.

Kafin in iso ƙauye hadari ya haɗu daga gabas. Ina sauke famfon a bakin gona iska ta taso, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, bai ɗauke ba sai bayan magariba. Ba a feshi cikin ruwa. Washegari da asuba mai ranar Juma'a ya zo da amalankensa ya ɗauki famfo. Na roƙe shi rabin yini, ya ce, "Nomau, nawa waken ma fure yake. Kuma ranar da aka kafa dokar nan, muryarka ta fi ta kowa." Haka ne.

Na zagaya ƙauyuka uku neman aron wani famfon, kowanne da layinsa.

Bayan kwana takwas na koma gonar Lantana. Furen ya zube ƙasa, ɗan abin da ya ɗaure kuma duk huda ne. Tana duƙe tana yankan harawa, ko ganyen a samu a sayar wa masu dabbobi. Na yi mata sannu da aiki. Da ta zage ni da na ji sauƙi.

Ta ɗago ta share zufa da gefen zane. Ta dubi ƙuguna inda kuben yake rataye, ta ce, "San surukin naka fa, ya warke?"

Na ce, "Ya warke, Yaya. Jiya ma ya ja amalanke zuwa kasuwa."

Ta ce, "To, madalla." Ta sunkuya ta ci gaba da yankan harawarta.