Rabon Yaron Mama

Duk Lahadin da aka yi Jibin Ubangiji a coci, Dattijo ne ke kai wa marasa lafiya nasu har gida. Kafinta ne, saboda haka akwatin da yake ɗauka ma aikin hannunsa ne: ɗan ƙarami, da gurbin gurasa a dama, gurbin kwalbar ruwan inabi a hagu, ramukan ƙananan kofuna a tsakiya. Da an tashi sujada sai ya ɗaure shi a bayan babur, ya bi gidajen tsofaffi da masu jinya, ya yi karatu, ya yi addu'a, ya ba su, ya goge kofi ya yi gaba. Ba ya makara, ba ya tsallake gida. Mutum ɗaya kawai ya daina ba wa, ita ce mahaifiyarsa, wadda ke kwance a ɗakin da ke kallon nasa.

Ba mugunta ba ce, kada a ɗauki alhakinsa. Shekara da shekaru shi ke koyar da masu shirin baftisma, kuma abin da ya fi nanata musu shi ne jibin nan na tunawa ne: mutum ya bincika zuciyarsa, ya san abin da zai ci, sannan ya miƙa hannu. To, Mama tunawar ce ta rasa. Da manta makulli aka fara, aka koma sunayen jikoki, aka gangaro kan hanyar banɗaki. Matar da ta riƙe zumuntar matan coci har ƙafa ta gaza, wadda in ta kama addu'ar abinci sai miya ta huce, yanzu in an ambaci Yesu sai ta tambaya ko maƙwabcinsu ne. Dattijo ya kai maganar wurin fasto. Fasto ya sosa ƙeya ya ce, "Kai ka fi kowa sanin halin da take ciki, Dattijo. Abin da ka ga ya dace, ka yi." Wato dai ya mayar masa da kayansa cikin ladabi.

Shi kuwa mutum ne da ba ya auna wa wani da ma'aunin da bai auna wa kansa ba. Tun da Mama ta daina gane shi, in ya bincika tasa zuciyar ba ya samun kome. Ba fushi yake da Allah ba, da ma fushin ne da sauƙi. Yana rufe ido ya yi addu'a, maganar ta fita daidai, amma kamar mai buga ƙusa a katakon da gara ta cinye, ba ya jin ta kama wani abu. Don haka shi ma ya daina ci. Yakan zagaya da faranti layi-layi, ya mayar kan tebur, ya zauna ya sunkuyar da kai tare da sauran dattawa. Jama'a kowa ta kansa yake a wannan lokaci, ba mai duba bakin wanda ya raba.

Ran wata Lahadi ya dawo gida da la'asar da saura guda a akwati, domin tsohon da ya kamata ya ba wa an wuce da shi asibiti. Ya tarar da matarsa a zaune bakin ƙofar kicin, ta jingina bayanta da bango, kwanon abincin Mama a rufe kusa da ƙafarta.

"Nas ta zo da ba ka nan," in ji ta. "Ta canza mata bandeji. Ta ce a kira waɗanda ke nesa."

"To," ya ce. Ya tsaya yana jiran maganar ta yi masa wani abu. Ba ta yi ba. Ya kwance akwatin daga babur.

"Yau kai za ka ba ta abinci, Baban yara. Bayana ya riƙe." Ta dubi akwatin. "Akwai saura a ciki?"

"Guda ɗaya. Zan mayar coci."

"Coci." Ta gyara zama da ƙyar. "Ga mai jinya a gidanka, kana neman inda za ka mayar."

"Mun sha yin maganar nan. Ba ta san abin da za ta karɓa ba."

"Ni ma ba ta san ni ba. Jiya ɓarauniya ta kira ni, wai na sace mata zani. Na daina ba ta abinci ne?"

"Wannan daban, wancan daban."

"To, kai ne dattijo." Ta tura masa kwanon da ƙafa. "Ka duba ƙarƙashin matashi kafin ka fito. Tururuwa sun fara yi mana layi."

Wannan ma wani aiki ne da ya zame musu na kullum. Duk abin da aka ba Mama, burodi ne, ayaba ce, ko dafaffen dankali, sai ta raba biyu ta cusa rabi ƙarƙashin matashi. In an tambaye ta sai ta ce na yaronta ne, bai dawo daga makaranta ba. Yaron kuwa ga shi nan da furfura har a gira, yana shiga yana fita, ba ta taɓa miƙa masa ba.

Ya shiga da kwano a hannu ɗaya, akwati a ɗayan, don kawai bai sami inda zai ajiye shi ba. Ɗakin yana warin man zafi da sabulun wanki. An ja labule rabi. Mama ta ƙanƙance a tsakiyar gadon da shi ya haɗa mata da hannunsa, har katifar ta fi ƙarfinta. Kafin ya ankara idonsa ya riga ya auna ta, tsawo da faɗi, ya ma tuna akwai busasshen katako a shago da zai isa akwatin gawa. Ya san abin kunya ne ɗa ya yi wa uwarsa wannan lissafi tana numfashi. Kunyar ma bai ji ba.

"Sannu, bawan Allah," in ji Mama. "Likita ne?"

"Kafinta ne, Mama."

"Ayya. Yarona ma haka yake, ƙusa da guduma. Duk ya lalata mini kujeru." Ta yi 'yar dariya. "Kana da uwa?"

"Ina da ita."

"Ka riƙa zuwa gaishe ta."

Ya ɗaga ta ya jingina da matashi, ya shimfiɗa mata tawul a ƙirji. Shinkafa ce da aka dafa ta yi laushi sosai. Ya riƙa ɗiba da ƙaramin cokali yana hurawa. Tana buɗe baki ba gardama, tana kallon taga, ba ta tambayi wanda ya dafa ba, ba ta tambayi wanda ya aiko shi ba. Ya ga maƙogwaronta yana motsi, abincin yana wucewa inda zai yi aikinsa. Bayan 'yan cokula ta kau da kai. Ya goge mata baki, ya rufe kwano.

Nan ya kamata ya tashi. Sai ya zauna, akwatin a kan cinyarsa. Ya nemi hujjojin da yake koya wa masu baftisma, ya same su duka a inda ya bar su, ba wanda ya karye. Sai dai ya gaji. Ya tuna a kan cinyar Mama, wannan da ta bushe, ya fara jin sunan Yesu, lokacin da shi ma bai san kome ba, bai iya ko riƙe cokali ba. Bai san ko wannan hujja ce ba. Ya dai ga hannunsa ya buɗe akwati.

Ya shimfiɗa farin ƙyalle a gefen gado, ya zuba ruwan inabi a kofi, ya ɗora gurasar. Bai yi karatun da ya saba ba. Ya rufe ido ya ce, "Ubangiji, baiwarka ba ta san ka ba yanzu. Ni ma ban tabbata na san ka ba. In kai ka san mu, ga mu nan." Bai taɓa yin addu'a mai gajarta haka a gidan kowa ba, kuma da wani ɗalibinsa ne ya yi ta da ya gyara masa.

Ya sa mata gurasar a tafin hannu. Mama ta juya ta, ta kawo kusa da ido.

"Wannan ne duka? Masu gidan nan akwai rowa."

"Jikin Almasihu ne, Mama, domin ki."

"To, a gaishe shi."

Gurasar ba ta fi kan yatsa ba, amma ta sa farce tana fama har sai da ta raba ta biyu. Ta sa rabi a baki. Ɗaya rabin ta lalubi bakin matashi ta tura can ciki, ta danne da tafin hannu. Ya buɗe baki zai hana, domin ba a yin haka da gurasar jibi, sai ya rufe. Ya kai mata kofi, ta kurɓa, sauran ya gangara kan tawul.

"Na wa kika ajiye, Mama?"

"Na yarona. Bai dawo ba tukuna."

"Ya daɗe?"

"Ya daɗe. Wasa yake tsayawa a hanya."

"In bai dawo ba fa?"

Ta dube shi kamar wanda ya yi tambayar wauta. "Ina za shi? Nan ne gidansu. Ko ya yi dare, nasa yana nan."

Ya kwantar da ita, ya ja mata mayafi. Ba a jima ba numfashinta ya daidaita, bakinta a ɗan buɗe. Ya wanke kofin da ruwan da ke kan tebur, ya goge, ya mayar raminsa. Ya ninke ƙyalle. A waje wani yana ta fama da babur ya ƙi tashi, matarsa kuma tana jan kujera a tsakar gida.

Ta leƙo da tsintsiya da faranti. "Ka duba matashin?"

"Bari, zan duba."

Ta ga akwatin a buɗe, ta ga jan tabo a tawul. Ta ajiye farantin a bakin ƙofa ta koma.

Ya zura hannu a hankali ƙarƙashin kan Mama. Ya fito da rabin ayaba da ta yi baƙi, da gutsuren burodin safe, ya zuba a faranti. Ya sake lalubawa har yatsansa ya taɓa ɗan guntun. Guntun ya manne da zaren matashi, ya ɗauki warin man zafi. Ya riƙe shi a tafin hannu, ya bincika zuciyarsa yadda ya saba, ya tarar da ita yadda ya bar ta da safe, ba zafi ba sanyi. Ya cire zaren, ya sa gurasar a baki. Ba ta da wani ɗanɗano. Ya tauna ya haɗiye.

Motsin matashin ne ya tashe ta. Ta buɗe ido tana kallon rufin ɗaki.

"Yaron ya dawo?"

"Ya dawo, Mama."

"Ya ci?"

Ya gyara mata mayafi. "Ya ci."

"To, madalla," in ji ta, ta mayar da ido ta rufe.

Dattijo ya zauna a bakin gadon, faranti a hannu, har hasken taga ya sauka daga bango. Sannan ya rufe akwatin, ya fita ya kira waɗanda ke nesa.