Muryar Babanta

Saƙon ya iso Mai Rediyo yana tsakiyar liƙa waya a cikin wata tsohuwar rediyo. Daga surukarsa ne, matar ɗansa marigayi: za ta kawo masa jikarsa idan an yi hutun makaranta. Bayan nan za ta sake aure, kuma ba za ta tilasta wa 'yarta zumuncin da ba ta so ba. In jinin jika da kaka ya haɗu, to. In bai haɗu ba, shi ke nan.

Mai Rediyo ya daɗe yana kallon saƙon a wayarsa. Ɗansa ya tafi ƙasar waje karatu, ya yi aure can, ya rasu can a hatsarin mota. Jikar ba ta jin komai sai Sifaniyanci. Duk sanda aka haɗa su a waya sai kallon-kallo, shi yana washe baki, ita tana wasa da gashinta, har uwar ta karɓe.

"Zan koyi yaren," ya ce wa matarsa.

"Kai? Kai da har yau sunan maganin hawan jininka ya gagare ka?"

"Wannan ai ba suna ba ne, mugunta ce."

Ya shiga wani ajin Sifaniyanci a saman kantin magani, cikin samari da 'yan mata masu kiransa Baba Ɗalibi. Kalmomi sun zauna masa. Amma da malama ta ce ya yi mata hira, sai harshe ya ɗaure.

"Baba, ka cika shago da kaya ka kulle ƙofa," in ji ta. "Nemi mutum ɗaya da kake son maganarsa, ka yi ta bin bakinsa."

Bai yi nisan nema ba. Wayarsa cike take da bidiyon da ɗan nasa ya riƙa aiko musu, yana wasa da 'yarsa tun tana rarrafe. Shi kuwa kunne ne sana'arsa, rediyo na yin tari ya san inda ciwon yake. Ya jingina wayar da akwatin kayan aiki, ya kunna, ya tsayar, ya maimaita. Bai tsaya kan kalmomi ba. Har inda yaron ke jan numfashi ya kwashe, har 'yar dariyar da yake yi ta hanci.

Wata safiya yana bita a tsakar gida, sai ya ji faranti ya faɗi a kicin. Matarsa ta leƙo, hannunta a ƙirji.

"Kai ne? Na ɗauka…"

Ba ta ƙarasa ba. Shi kuwa ya ɗauki abin yabo ne.

Ranar da tasi ta tsaya a ƙofar gida, yarinyar ta fito bayan uwarta, doguwa, da goshin babanta sak. Mai Rediyo ya gyara hula, ya buɗe hannuwa, ya saki gaisuwar da ya fi ƙwarewa a kanta, cikin Sifaniyanci mai santsi:

"Ina 'yar tsuntsuwar gidan nan? Ta ci abinci, ko in kira kyanwa?"

Har da dariyar hancin.

Jakar yarinyar ta zame daga kafaɗarta. Ta dube shi, ta dubi bayansa kamar akwai wani a tsaye, sannan ta koma cikin tasi da gudu ta ja ƙofa.

Surukar ta yi magana a hankali don ya gane, kuma ya gane kowace kalma. "Haka babanta yake cewa kullum in ya dawo daga aiki. Ranar hatsarin ma a bakin ƙofa ta zauna tana jiran ta ji."

Suka sauka a otal. Ɗakin da matarsa ta share ta shimfiɗa sabon zanen gado ya zauna a rufe. Hutu ya yi ta ƙarewa, ba kira, ba saƙo.

Ana gobe za su tafi, yana shago, sai inuwa ta tare masa haske. Yarinyar ce, uwarta na tsaye a tsallaken titi. Ta zauna a bencin masu jiran gyara, ta juya masa baya.

"Sake faɗa," ta ce.

Yana da maganganunsa da ya tanada: cewa shi ne kakanta, cewa a kan bencin nan babanta ya koyi riƙe sukudireba. Ya haɗiye su, ya sake faɗa.

Kafaɗunta suka fara rawa. "Baba, me ya sa ba ka dawo ba?"

Wannan babu shi a bidiyo. Ya lalubi kansa, sai ya ji kalmomin suna zuwa da kansu, ba ɗaurewar harshe.

"Na kamo hanya, 'yar tsuntsuwa. Wurinki zan zo. Hanyar ce ta ƙi."

Suka yi ta hira, ita tana fuskantar titi. Ta ba shi labarin makaranta, da haƙorin da aka cire mata, da mutumin da zai auri mamanta. Ya amsa mata duka. Da uwar ta ɗaga hannu, yarinyar ta miƙe.

"Zan riƙa kira duk mako," ta ce. "Amma ban da bidiyo. Murya kawai."

"To."

Ba ta waiwayo ba.

Da ya koma gida, matarsa na bakin ƙofa. "Yaya? Ta ce maka Kaka?"

"Za ta riƙa kira," ya ce.

Ya wuce ɗaki, ya zauna a bakin gado, ya kunna bidiyo na gaba.