Allura ta Takwas

Tari ya sarƙe Bawa tun kafin Sahabi ya gama zare allurar. Ya dafe daɓen zauren da hannu ɗaya, ya yi ta yi har idanunsa suka kawo ruwa, sannan ya tofar a kaskon toka.

"Yau ma ɗanɗanon tsohon lauje," in ji shi. "Ɗan Adamu, wai ƙarfe kuke narkawa ku ɗura ma mutane?"

"Kusan haka ne, Baba. Kwanta."

"Gwiwoyina kamar an buga musu ƙusa."

"Za su saki. Amma yau ba tashi, ba gulbi. Maganin yana kashe tsutsar, yana kuma taɓa zuciya. In ka wahalar da ita, sai ta tsaya."

"Na ji. Wanga karatu sau takwas ke nan kana biya min shi. Ko jaki ne ai ya haddace."

Allura ta takwas ce cikin goma sha biyu. Bawa mai fito ne. Ya fi shekara talatin yana ƙetarar da mutane gulbin Gusau: mutum ya rungumi babbar gora, shi yana cikin ruwa yana turawa. Tsargiya ta kama shi tun yana yaro, kamar kowane ɗan bakin gulbi, kuma ba wanda ya ɗauki fitsarin jini a bakin ciwo. Sai da tsufa ya zo jinin ya koma gudaji, har maƙwabta na jin nishinsa daga bayan gida.

Sahabi ɗan maƙwabcinsa ne, marigayi Adamu. Ya yi shekara shida a Ikko yana koyon aikin magani, ya dawo a daminar da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Ƙaura, aka sa shi a ɗakin shan magani na leburori. Unguwar ba ta sake jiki da shi ba. Ana amsa sallamarsa, amma ba a matsa masa wuri a tabarma. Gida ɗaya ne bai sauya ba: kowace safiya Mairo, matar Bawa, takan miƙo masa ƙoƙon kunu ta saman danga, yadda take miƙa wa ubansa sa'ad da ya tsufa shi kaɗai. Ta saman wannan dangar Sahabi ya yi wata biyu yana lallashin Bawa ya yarda da allura.

Ya tafasa allurar, ya mayar cikin akwati, ya koma tasha wurin aikinsa.

Da la'asar ya dawo ya tarar da tabarma ba kowa. Ƙusar da ake rataye gorar a bango ita ma wayam.

"Inna Mairo, ina Baba?"

Tana tsugune tana sheƙar gero, ba ta ɗago ba. "Wani Bafillace ya zo, Manu, daga rugar ƙetare. Matarsa kwana biyu tana kan gwiwa, abin ya ƙi. Ya zo da Tambaya ungozoma, ga gulbi ya cika tun daren jiya."

"Sabiru fa?" Sabiru shi ne ɗaya mai fiton.

"An ɗebe shi aikin hanyar jirginku tun watan jiya. Kai ka fi ni sani."

"Ba ki hana shi ba?"

"Shekara arba'in ban hana shi ba, yau zan fara? Ubansa ya bar masa magana: mai fito yana iya ce ma sarki dakata, amma ban da ungozoma da gawa."

Sahabi ya bi ta gonakin dawa da gudu. Gulbin ya yi ja, yana tafe da karmami da rassan itace. Can tsakiya ya hango gorar, da farin kai a gefenta. Bawa ya riga ya sauke mutanensa, dawowa yake. Ba ya faɗa da ruwan. Yana barinsa ya ja shi ƙasa, yana karkata kaɗan-kaɗan, kamar mai jan akuyar da ya san halinta. Sahabi ya tuna ranar da yana ɗan shekara bakwai, rungume da wannan gora, muryar nan tana ce masa daga baya, "Kalli tsamiyar can, kada ka kalli ruwa."

Bawa ya fito nesa da mashigi. Ya tura gorar kan yashi tukuna, ya tabbatar ta zauna, sannan ya gwada miƙewa. Ƙafafunsa suka ƙi.

Masunta biyu suka taya Sahabi ɗauko shi. A zaure ya riƙe wuyan hannunsa yana lalube. Bugun yana zuwa a hankali, ya ɓace, ya dawo. Leɓunansa sun yi toka. A akwatin Sahabi babu abin da zai yi wa wannan.

Kafin a jima ƙofar gida ta cika. Dogo maƙeri, ƙanen Mairo, ya tsaya a bakin zaure ya toshe haske.

"Mun hwaɗi," in ji shi, ba da ƙarfi ba. "Mutumin da ke ƙetare gulbin ga sau goma a wuni. Ruwa bai kada shi ba sai da aka soka masa ƙarfen Nasara. A cikin gidansa kuma."

Sahabi ya ci gaba da laluben bugun.

Bawa ya buɗe ido. "Dogo, matso, kana tare min iska da kanka kamar maƙera. Liman na nan?"

"Ga ni, Bawa."

"To ku zama shaida. Yaron ga ya ce min in kwanta. Sau takwas ya hwaɗa. Ni na tashi."

"Baba," in ji Sahabi, "maganin ne ya raunana zuciyar. Da ban yi maka allurar ba, da ka ƙetare lafiya lau."

"Ku ji min wawa. Ina wanke shi, yana shafa ma kansa laka." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Mairo ta tallafi kansa daga bayan asabari har ya lafa. "Awo, maganin ne. Yaron ya ce min yana da cizo tun ran farko, na ce a yi. Dogo, kai ne ke jin nishina har maƙera. Kwana nawa rabonka da ji?"

Dogo ya dubi ƙasa. "An kwana biyu."

"Kwana goma. Jiya na yi fitsari fari tas kamar ɗan yaye, na tsaya ina kallonsa kamar mahaukaci. Tun ina yaro ban ga haka ba." Ya huta. "Wanda ya taɓa ɗan Adamu, ban yafe ba. In akwai mai laifi, Tambaya ce. Matar nan ta fi buhun gero uku."

Wani ya yi dariya a waje, ya yi saurin haɗiye ta.

Daga nan maganar Bawa ta ragu. Sau biyu ya tambaya ko an ji labari daga ƙetare. Ba a ji ba, ba mai kawowa. Liman ya matso kusa da kunnensa. Bawa ya cika rana na bisa kan tsamiya, yatsun Sahabi suna kan wuyan hannunsa, suna jiran bugun da bai dawo ba.

Aka rufe shi kafin magariba. A maƙabarta ba wanda ya ce wa Sahabi komai, mai daɗi ko marar daɗi. Da ya miƙa hannu zai ɗauki ƙasa, Dogo bai matsa ba, bai kuma hana shi ba.

Washegari Sahabi ya tsaya a tsakar gida da sassafe, yadda ya saba. Bayan danga sai muryoyin masu gaisuwa. Babu kunu. Rana ta biyu ma haka. Ya ce wa kansa gidan makoki ne, wa zai tuna da kunu. Duk da haka ya je ya duba wani ɗaki da ba kowa a barikin tasha, ya dawo ya naɗe tabarmarsa, ya ɗaure littattafansa da igiya.

Ran sadakar uku ruwa ya janye, Tambaya ta ƙetaro da ƙafa, zane a ɗaure a ƙirji. Ya ji muryarta ta danga: mace aka samu, uwa da 'ya suna lafiya. Sai ta tambaya me ya tara mutane. Ya ji lokacin da aka gaya mata.

Da asubar rana ta huɗu ya fito da akwatin allura a hannu, ƙunshin kayansa a bakin ƙofa. Yana neman takalminsa ya ji karan danga ya motsa.

Hannu ne kawai, ba awarwaro, riƙe da ƙoƙon nan mai ɗinki a baki.

"Karɓi da hannu biyu," in ji Mairo. "Da zafi."

Ya ajiye akwatin a ƙasa. Ta tsakanin karan danga yana iya hango bangon zaure, inda wani ya mayar da gorar kan ƙusarta, da busasshiyar laka har rabin cikinta. Ya zauna a kan ƙunshin kayansa, tururi yana tashi tsakanin tafukansa.