Ragon Suruki Ya Fara Ɗanɗanawa

Duk yamma Mai Awaki yakan tura baronsa zuwa bayan kicin ɗin jami'a, Uwar Girki ta juye masa ragowar abincin ɗalibai, ya kai wa awakinsa. Kwatsam sai durom ɗin da ake tara ragowar ya koma rabi, daga baya ma sai ɗan abin da ya maƙale a gindi.

"Yaya, wa kike ba wa?" ya ce da ita. "Yaran nan na san su, ba sa suɗe kwano."

"Kai dai da zargi kamar tsohon mai gadi. Biyo ni."

A wani ɗaki can gaba da kicin an jera fayafayan sola a kan rufi, wani inji yana gurnani a ƙasa. Wata malama mai farar riga ta ce da wutar rana suke busar da ragowar, injin ya niƙa ya mulmula ta ƙwaya-ƙwaya don dabbobi. Ta miƙa masa buhu guda.

"Baba, ka gwada. In awakinka sun karɓa, kai za mu riƙa ba."

Ya yi godiya har da rusunawa, amma a ransa ya ce ruwa ba ya tsami banza. Ɓeran gwaji suke nema, sun hango awakinsa.

To, akwai ragon surukinsa, dabba mai sata, kullum yana tsallako katanga zuwa gidansa. Shi ya riƙa zuba wa ƙwayoyin, nasa awakin ya bar su da busasshen ganye. Ya zuba ido yana jiran gudawa. Rago ya yi sheƙi, wuya ya cika. Mai Awaki ya ce guba mai wayo a sannu take ci, ya ƙara jira har buhu ya ƙare.

Sai da haƙarƙarin awakinsa ya fito sannan ya tura baro wurin malama. Wa zai tarar? Surukin nasa, yana ɗaure bakin buhuna.

"Mun ji ka shiru, Baba," in ji malama, "sai wannan bawan Allah ya zo mana da shaida a igiya. Shi muka ba."

"Na ga ragona yana ƙiba ba dalili," in ji suruki, "na leƙa ta katanga na ga tambarin buhu. Allah ya saka da kiwo. Tunda baron babu kaya, ara mini mana."