Takwas da Rabi

"Ina mabuɗin, Delmar?"

"Wane mabuɗi?"

"Kada ka raina mini hankali, tsoho. Na kwaɗon da ka garƙama wa firiza."

Yana kishingiɗe a kujerarsa ta falo, robar iska a hanci, bargo har ƙirji. Ya ɗaga ido yana kallon silin kamar mai tunani, sannan ya ce, "Na manta inda na ajiye shi."

Mutumin da zai gaya maka shekarun barewar da aka harbe shekara talatin da suka wuce, har da sunan wanda ya harbe ta, shi ne wai ya manta inda ya ajiye mabuɗi jiya. Ni kuwa ga tukunyata can a gida bisa wuta, albasa da dankali a yanke, nama kawai nake jira. Naman kuma nawa ne. Ni na harbo shi, ni na jawo shi daga dutse, na sa a firizarsa don tawa ta cika da kayan lambu.

Shekara ashirin da biyu muna maƙwabtaka da Delmar Haskew, kuma a cikinsu ban taɓa yin kakar farauta ɗaya cikin kwanciyar hankali ba. Shi ne yake duba bareyin da mafarauta suka harbo a shingen hukumar namun daji da ke bakin hanya, irin bareyinmu na Wyoming masu kunne kamar na alfadari. Zai buɗe bakin dabba, ya zura babban yatsa a kan turamen haƙora, ya ce uku da rabi, ko biyar da rabi. Kullum da rabi, don a watan Yuni ake haihuwarsu, a Oktoba ake harbinsu. Ya yi ritaya, amma ba wanda ya gaya wa mafarautan kwarinmu. Haka za su riƙa ajiye masa kawuna a baranda, ƙudaje da wari kuma su tsallako wurina. Babbar tukunyata ta miya ya ara tun shekarar da mijina ya rasu, yana dafa muƙamuƙai a ciki don naman ya saki ƙashi. Ban sake karɓarta ba.

Kowane muƙamuƙi sai ya rubuta masa shekaru a jiki da fensir, ya rataye a rumfar mota. Tun da cutar rama ta shigo kwarin, lissafin ya riƙa sauka. Cutar tana cin ƙwaƙwalwar dabba a hankali, ta rame tana dalalar da miyau har ta faɗi, kuma manyan maza ta fi kamawa. "Shekara goma sha ɗaya ban taɓa bakin namijin da ya haura shida ba," in ji shi, kusan kullum, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. "Kwarin nan ba sauran tsoho sai ni." Yakan kuma yi mini karatun da ban nema ba, wai marasa lafiyar suna gurza haƙora ba dare ba rana, har bakin matashi ya koma kamar na kakansa. Ta kunnen nan yake shiga ya fita ta wancan.

Da likita ya ce huhunsa ya gama aiki, saura 'yan makonni, abu biyu ya riƙa ambata: yana son ya sake taɓa bakin tsohon namiji, yana kuma marmarin miyar naman barewa irin wadda nake yi. Ni kuma da ban iya jin abu in ƙyale ba, na ajiye tuƙin motar makaranta, na ɗauki bindiga da gwiwata mai ciwo, na yi kwana huɗu ina hawa dutse. Ƙanana biyar na bari suka wuce. Rana ta huɗu na samu wani mai faɗin ƙaho. Da na buɗe bakinsa na ga haƙoran sun cinye sun kwanta, sai da na zauna a kan ƙanƙara na yi kuka.

Na kawo masa kan har falo a cikin baho. Ya zura yatsa ya rufe ido. Ya daɗe. Ya shafa doron hancin, ya shafa gindin ƙahon, ya sake komawa bakin.

"To? Ka yi magana mana!"

"Takwas da rabi," ya ce. "Kin yi ƙoƙari, yarinya."

Shekarata hamsin da tara, amma yarinya nake a wurinsa. Ranar ban ma yi masa faɗa ba. Na cire kaluluwar wuyan na kai ofishin hukuma don gwajin cutar, suka ce sati uku. Na dafa masa muƙamuƙin a tukunyata da ke rumfarsa, na goge na miƙa masa. Washegari kuma sai ga kwaɗo a firizar da ke rumfar motarsa. Yadda ya ja tukunyar iskarsa har rumfar mota, shi da ko banɗaki sai an riƙe shi, har yau ban sani ba.

"Sai sakamako ya fito," ya ce, da na ƙi barin maganar mabuɗin.

"Sati uku fa suka ce! Kai kana da sati uku ne?"

Na ji nauyin maganar bayan ta fita, amma shi ko a jikinsa.

"Wataƙila ba ni da su."

"To, mutumin da likita ya gama da shi, wace cutar barewa kuma zai ji wa tsoro? Ba a ma taɓa tabbatar da ta kama ɗan Adam ba."

"Ba a tabbatar ba. Ba a kuma ce a ci ba."

"Zan zo da guduma, na rantse."

"Firizata ce. Ki fasa, in kira ɗan sanda ya kama ki, tsofai-tsofai da ke."

Na fita na bugo masa ƙofa. Na je na sayo naman sa na yi miyar da shi, na kawo masa. Cokali ɗaya ya kai baki ya ture kwanon.

"Wannan saniya ce, Marlys. Bakina bai mutu ba tukuna."

"Ai da ya mutu da na huta."

Haka muka yi ta yi. Kowace safiya in na dawo daga kai yara makaranta sai in shiga in gyara masa shimfiɗa, in laluba aljihun rigunansa, in duba gwangwanayen kofi da yake tara ƙusoshi a ciki. Yana kallona yana dariyar da take ƙarewa da tari. 'Yarsa Twila ta zo daga birni ta zauna da shi. Na ja ta gefe na ce ta sa baki.

"Anti Marlys, kin san shi fa," ta ce. "Ni da ya haifa ma ban taɓa cin nasara a kansa ba."

A sati na biyu ya daina cin komai sai ruwa da ɗan ƙanƙara. Ya rame har zoben aurensa ya riƙa zamewa. Muƙamuƙin yana hannunsa ƙarƙashin bargo, yana shafa shi da yatsa. Wata rana ya ce mini, "Ki cire tawa kaluluwar ki kai musu, ina jin ni ma na kamu." Ban yi dariya ba. Haushinsa nake ji, haushi na gaske, don abu ɗaya tak ya rage wanda zan iya yi masa, kuma shi da kansa ya hana ni.

Ranar Laraba da hantsi ya cika, kwana goma sha shida da kai gwajin. Twila tana riƙe da hannunsa, ni ina kicin ɗinsa ina wanke kofuna. Aka binne shi ranar Asabar, mafarauta sun cika coci da jajayen huluna a hannu. A wurin cin abinci na ce wa Twila, "Yanzu dai sai ki ba ni mabuɗin, na san yana wurinki."

Ta sunkuyar da kai. "Ya ce sai sakamako ya fito."

Har daga cikin kabari mutumin nan yake juya ni. Hali zanen dutse.

Kwana biyar da rasuwarsa saƙon hukuma ya shigo wayata ina zaune a motar makaranta: an samu cutar a jikin dabbar, kada a ci naman. Na tuƙa gida, na tsallaka wurin Twila na nuna mata. Ta shiga ɗaki ta fito da kwalin takalmi. A ciki akwai muƙamuƙin, an ɗaure mabuɗin a jikinsa da zare. Na juya ƙashin. Ta ciki, inda ba na dubawa, ga rubutunsa da fensir:

"Huɗu da rabi. Mara lafiya ne, ya gurje haƙoransa. Na san ki da ɗanɗana miya."

Gaskiya ne. Sau uku nake ɗanɗanawa kafin in sauke, abin da ya rage a kwano kuma ni nake cinyewa. Tun a cikin baho ya sani, ya kalli gwiwata da ta kumbura ya ce takwas. Na zage shi a fili, a gaban 'yarsa, sannan na zauna a bakin baranda.

Da yamma muka loda naman a bayan a-kori-kura muka kai ramin da ake binne irinsa. Da muka dawo na shiga rumfar motar na nemi ƙusa a ƙarshen layi, na rataye muƙamuƙin kusa da 'yan'uwansa. Tukunyata tana kife a ƙasan teburin. Na bar ta a nan, na ja ƙofar.