Farmakin Zainaba a Kan Jiragen Yayanta

Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, Fannami bai ƙara leƙa bakin kogi ba. Mutumin da ya shekara arba'in yana haye da mutane da buhunan shinkafa a kwale-kwale tsakanin Haɗeja da ƙauyukan fadama, sai ga shi a kan tabarma, magana sai da ƙyar. Ɗansa Abdulrahman ya riga ya yanke shawara: ranar Juma'a zai tafi da shi Kano, ya zauna can gaba ɗaya.

Zainaba, ƙanwar Fannami, ta zo ran Litinin. Tsohuwar shugabar makaranta ce, ba ta karɓar zance sai ta juya shi ta ga bayansa.

"Gwaggo, ba jikin kaɗai ba ne," in ji Abdulrahman, ya rage murya. "Kan ma ya taɓu."

"Wa ya ce?"

Ya ɗauko wata babbar waya. Dama ya sa wa baban wani wasan yaƙin jiragen ruwa a cikinta don ya riƙa motsa hannun hagu. Wasan na bi da bi ne, mutum ya gama tura jiragensa ya miƙa wa abokin karawa. Da farko tsohon yana yi da marmari. Yanzu kuwa ko an miƙa masa, sai ya danna wucewa ya kau da kai.

"Alhali kullum shi muke bari ya ci. An ce mara lafiya ba a ɓata masa rai."

"An ce," in ji Zainaba. "To koya mini."

Kwana ɗaya ta yi tana koyo, tabarau a kan hanci. Ta lura manyan jirage tsada gare su, ga nauyin tafiya. Ƙananan kuwa taku shida suke yi kafin mutum ya miƙa wa abokin karawa. Sai ta ƙera ƙanana uku, ta ɓoye su a inda taswirar wasan take da duhu. Dabarar ba wuya: taku uku a shiga, a bugi jirgin masunta ko na fatake, a kwashe kaya, a koma duhu da sauran takun, kada a kusanci hasumiyar bakin gaɓa.

Ran Laraba bayan la'asar ta zauna kusa da shi. "Yaya, ni ba ɗanka ba ce. Ka tsare kayanka."

Ta ƙone masa jirgin masunta na farko. Ya dubi wayar, ya dube ta, ya danna wucewa. Ta ƙone na biyu. Ta tare jirgin hatsi. Abincin garinsa na cikin wasan ya fara ja baya.

Mansura, matar Abdulrahman, ta ajiye kunu tana cewa, "Gwaggo, ki tausaya masa mana."

"Da yana haye da ni muna yara, girgiza jirgi yake yi a tsakiyar ruwa sai na yi kuka. Bai tausaya ba."

Ta faɗa da wasa, amma da ta koma ɗaki sai shakka ta kama ta. Sau goma sha ɗaya tana bugunsa bai rama ba. Idan fa yaron ne da gaskiya? Ke nan ta zo ta zalunci mara lafiya a gidansa.

Ran Alhamis da hantsi aka ci gaba, Abdulrahman na gefe yana ɗaure kaya. Wannan karon Fannami ya daɗe da wayar kafin ya miƙo. Zainaba ta ga jirgin fatake ɗaya, shaƙe da kaya, a can cikin wani lungun ruwa mai ƙuntataccen baki, ba mai gadi. Ta yi zargi. Ta ƙirga takun sau biyu, ta leƙa ko'ina ba ta ga komai ba. Shiga huɗu, fita biyu, za ta tsaya daidai bakin lungun. Ta shiga da jiragenta biyu, ta kwashe kayan.

Fannami ya karɓa da hannun hagu. A hankali ya jawo manyan jirage biyu daga bayan wani tsibiri, inda ya yi ta tara katako yana ƙera su duk lokacin da take murna. Ɗaya ya toshe bakin. Ɗayan ya nutsar da nata duka biyun.

"Kwaɗayi, Auta," ya ce, harshen na ja.

Abdulrahman ya saki igiyar da ke hannunsa, ya zo ya duba taswirar. Ya daɗe.

"Mota dai gobe za ta zo," ya ce, amma muryar ba ƙarfi.

"Ni kake gaya wa?" in ji Zainaba. "Ga mai jikin nan. Ka taɓa tambayarsa?"

Ya tsuguna gaban mahaifinsa. "Baba, za ka je Kano?"

Fannami ya dubi ɗansa. Sannan ya ɗaga yatsu biyu.

"Likita. Kwana biyu. In dawo."

"To, Baba."

Abdulrahman ya tashi ya fara fitar da kaya daga babbar jakar, ya ce wa Mansura ta nemo masa ƙaramar.