Ƙarfen Malam Ɗantani

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Malam Ɗantani, mai sayar da goro a unguwar New Bell ta birnin Douala, bakinsa ya rufe. Hannun hagu kaɗai ya rage masa, shi kuwa hannun ba ya hutawa. Kullum yana nuna ƙarƙashin gado, yana wani gurnani mai tsinka zuciya. 'Yarsa Balkisu, wadda ta baro ɗakin mijinta a unguwar Kassalafam don ta yi jinyarsa, ta miƙa masa ruwa, ta miƙa masa carbi, ta miƙa masa rediyo, duk ya ture. Da ta gaji sai ta durƙusa ta jawo abin da ke can ƙuryar, wani ƙunshi a cikin tsohon buhu.

Ƙarfe ne, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba. Bakinsa faffaɗa ne kamar na fartanya amma a miƙe, ɗaya gefen kuma an lanƙwasa shi kamar ludayi. Ƙotar ta yi sulɓi don riƙo. Da tsohon ya gan shi sai hawaye suka zubo masa. Ya tura shi ƙirjinta, ya nuna ƙofa, ya ci gaba da gurnani.

To, ta kai wa wa? A yi me da shi? A asibiti an riga an ce su koma gida su yi ta addu'a, kowa kuwa ya san ma'anar wannan magana. Balkisu dai ta ƙi saninta. Ta ƙudurta a ranta cewa ƙarfen nan na magani ne, akwai wani mai sanin aikinsa, kuma in ta same shi mahaifinta zai tashi. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ta fara da yayanta Affan, ma'aikacin ofis da ke zaune a unguwar Makèpè, mutumin da ya yi imani babu abin da waya ba ta sani ba. Ta aika masa hoton. Ya kira ta ya ce, "Wayar ta ce kayan aikin lambu ne. Ça va aller, komai zai daidaita, Balkisu, ki daina wahalar da kanki." Baba da ko tukunyar albasa bai taɓa shukawa ba! Ta kashe wayar, ta yafa mayafi, ta fita cikin ruwan sama.

Matan layinsu kowa da nata. Wata ta ce na kankare ƙanzon babbar tukunya ne, wata ta rantse ta ga irinsa wajen masu fasa kwakwar manja. Da mata suka ƙare ta shiga cikin maza, nan ne abin ya fara ɗaure mata kai. Awalu wanzami, wanda ba a raba shi da surutu, ya karɓi ƙarfen, ya juya shi sau ɗaya. Can ya ce, "Wataƙila na buɗe huhun goro ne," idonsa na kan ƙasa. Mahauci ya ce na fiɗa ne irin na da, ya mayar mata da shi da hannu biyu. Wani tela ya ce bai taɓa gani ba tun kafin ta gama kwance buhun.

Ita da ta tashi cikin goro ai ta san da abin da ake buɗe huhu. Ta koma wurin Awalu, zanenta ya jiƙe sharkaf, ta tsaya a gabansa tana kuka ba kunya.

"Kawu Awalu, ka sani. Wallahi ka sani! Ubana yana can yana roƙona abu, ni kuma na kasa gane shi. In ya tafi a haka, ina zan sa kaina?"

Awalu ya shafa fuska. "Ashia, sannu, 'yata. Ba a bakina za ki ji ba. Je ki bayan masallaci ki tambayi Baba Bukar."

Baba Bukar tsohon Babarbare ne, ɗan siriri, yana zaune a rumfa yana gyaran tabarma. Balkisu ta san shi da ido kawai, cikin masu gaisawa da mahaifinta. Ta gaishe shi, ta ajiye ƙarfen a gabansa. Bai taɓa shi ba. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Jikin ya yi tsanani ke nan."

"Baba, na magani ne? Gaya mini wanda zan kai wa."

"Kin riga kin kawo," in ji shi. "Ku mata ba ku zuwa maƙabarta, shi ya sa ba ki san shi ba. Ni da ubanki tun muna samari muke gyaran kabari, don Allah kawai, ba a biyan mu, ba ma kuma kai labarin gida. Ƙasar Douala ruwa ce. Ka haƙa, ta cika, bango ya zube. Shi ya sa aka ƙera masa wannan: da bakin a daidaita ƙaramin ramin ciki, da ludayin a kwashe ruwa. Muka yi alkawari, wanda ya riga tafiya, ɗayan ne zai gyara masa makwanci. Kira na yake yi."

Ta zauna cikin taɓo. Ashe yini guda tana yawo da shi gida gida, mazan unguwa suna yi mata ƙarya don tausayi.

"Baba, ka ce wani abu ne daban," ta ce. "Don girman Allah ka ce ka yi kuskure. Ko ka ƙi karɓa. In ka ƙi, ai dole ya jira."

"Da ƙin karɓa yana tsayar da mutuwa, 'yata, da na jefa shi a kogin Wouri."

Ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki ƙarfen, suka kama hanya, shi a gaba ita a baya, suna tsallake katakon da aka shimfiɗa kan kwatoci. Tun daga zaure take jin gurnanin. Baba Bukar ya yi sallama, ya shiga, ya tsuguna a bakin gado, ya ɗaga ƙarfen yadda majinyacin zai gani.

"Ɗantani, saƙo ya iso. Ba zan bar ruwa ya taɓa ka ba."

Hannun hagun nan ya sauko a hankali ya kwanta a kan bargo. Gurnanin ya tsaya. Tsohon ya dubi 'yarsa da idon godiya, irin kallon da take nema tun ranar da ya faɗi. Balkisu ta jingina da ƙyaure, ta toshe bakinta da mayafi. Da za a tambaye ta a lokacin, da ta ce a dawo mata da gurnanin.